Kunnen Yining na Hagu

Na dawo garinmu na tarar an rushe tsohuwar gadar katako an yi ta siminti. Gidan kallon da ke bayan tasha ya koma kantin magani. Rabin abokaina sun tafi Shenzhen, waɗanda suka rage sun ajiye tumbi, ba su da hira sai ta makarantar yara. Karen maƙwabta da ya yi ta yi mini haushi tun ina ƙarami ya mutu, an kawo wani, shi ma haushin yake yi mini.

Mahaifiyata kaɗai na samu inda na bar ta, a rumfarta ta ƙofar makarantar sakandare, tana zuba wa ɗalibai taliyar shinkafa da barkono. A nan na ji labarin da zan ba ku yau, ina yanka mata ganyen albasa.

Akwai wani malamin Turanci a makarantar nan mai suna Kuang Deshun. Ni ma ya koyar da ni. Mutum ne mai saurin baki da saurin tafiya, kuma a duk gundumarmu babu wanda ɗalibansa ke cin makin sauraro kamar nasa.

A jarrabawar shiga jami'a, takardar Turanci da sauraro take farawa. A kashe fankoki, a rufe tagogi, lasifika ta saki muryar mace da namiji suna hira, kai kuma ka zaɓi amsa ɗaya cikin uku. Wasu hirarrakin sau ɗaya tak ake faɗarsu. Wanda ya yi tari a lokacin, ajin gaba ɗaya sai ya harare shi.

Malam Kuang yana da dabararsa. Yakan ce, "Ku daina wahalar da kanku da jin kowace kalma. Ku fara karanta amsoshin, ku gane inda aka dosa. Sannan ku kasa kunne ku jira kalmar 'amma'. Idan namijin ya ce zo mu je kallon wasa, macen ta ce ina so ƙwarai, amma gobe ina da jarrabawa, za ta je?"

Mu haɗa baki mu ce, "Ba za ta je ba!"

"To kun gani. Duk abin da ya zo kafin 'amma' ladabi ne kawai. Gaskiyar tana baya."

Shi ya sa muke ce masa Malam Amma a bayan idonsa. Ya sani, kuma yana jin daɗin sunan.

Da ya daɗe a aikin, sai ya kai ba ya ma jiran abin da ke bayan kalmar. Sauti na cikin tafiya zai danna ya tsayar, ya faɗi amsar, ya buɗe littafi ya nuna mana daidai ne. "Ni ban taɓa jin faifai har ƙarshe ba," in ji shi. "Da mutum ya buɗe baki na san inda zai sauka."

Haka yake yi wa faifai, haka yake yi wa mutane. Shugaban makaranta ma bai cika samun ƙarasa magana a gabansa ba.

Yana da 'ya ɗaya, Yining. Matarsa tana aiki a wata masana'anta a kudu, sai bikin sabuwar shekara take zuwa gida, don haka su biyu ne a gidan. Yarinya ce mai shiru, ga karatu. Dogon rubutun Turanci da sauran yara ke tsallakewa, ita sai ta bi shi layi-layi. Burinta ɗaya ne tun tana ƙarama, ta zama tafinta, irin waɗanda ke zama a bayan manya suna jin wannan harshe suna mayarwa wancan nan take. Aikin kunne ne. Uban ya riga ya gaya wa kowa a ɗakin malamai cewa jami'ar harsuna ta Beijing za ta.

Da ta shiga ajin ƙarshe, ajinsa ta faɗa. A makaranta Malam, a gida Baba, kuma duk biyun aiki suke ba ta. Da safe iyafis a kunne tana sauraron Turanci, a hanya iyafis a kunne.

Wata safiya, sanyi ya fara ja baya, suka zo rumfar mahaifiyata karin kumallo kamar kullum. Mahaifiyata ta ce yarinyar ta zauna tana ta danna kunnenta na hagu da yatsa, kamar wadda ruwa ya shiga wa a wanka.

"Baba," in ji Yining, "na yi sauraron da ka ba ni jiya, na maimaita, amma..."

"Amma kin gaji. Kowa ya gaji. Ni na gaji, ga Gwaggo nan tun asuba take tsaye. Ci ki tashi."

"Ba gajiya ba ce, dama..."

"Saura wata nawa? Bayan jarrabawa ki yi barci har ki kumbura. Gwaggo, ƙara mata ƙwai."

Mahaifiyata ta ƙara mata ƙwai. Har yau tana cewa da ta sani da ta ajiye ludayin ta tambayi yarinyar, to layi ya kai bakin titi, kowa yana miƙo kwano.

A jarrabawar gwaji da ta biyo baya, makin sauraronta ya zube. Karatu kuwa ta cinye kusan duka. Malam Kuang ya kira ta ɗakin malamai, a gaban abokan aikinsa.

"'Yar Malam Amma ce da wannan makin? So kike a yi mini dariya a gundumar nan?"

"Malam, ina jin muryar namijin, amma..."

"Amma ta macen tana da sauri. Na sani. Shekara da shekaru ina jin wannan kukan. Ba sauri ba ne, hankalinki ne ba ya wurin."

Wata malamar lissafi da ke gefe ta ce, "Kuang, bar ta ta ƙarasa mana."

Ya yi dariya. "Ni na haife ta. Kafin ta yi tunanin magana na riga na ji."

Yining ta dubi takardarta, ta naɗe, ta ce, "To, Malam." Ba ta sake ɗauko zancen ba.

Abin da ta yi shi ne, ta roƙi wata ƙawarta suka yi musayar kujera, lasifikar aji ta koma damanta. Sannan ta rungumi dabarar ubanta da hannu biyu. Kafin a saki sauti ta karance amsoshin tsaf, ta auna wacce aka saka don ruɗi, wacce ta yi kama da gaskiya. Abin da kunne ɗaya ya tsinto mata, ta cike sauran da karatu.

Dabarar kuwa ta yi aiki. Maki ya dawo sama.

Malam Kuang ya ɗaga takardarta a gaban aji. "Kun ga abin da faɗa ke yi? Da na lallashe ta da yanzu tana ƙasa."

Haka aka tafi har zafi ya shigo.

Wata ranar Lahadi da rana suna cin abinci a gida. Kullum gaba da gaba suke zama, ranar dai ya tara takardun gyara a kan kujerarsa, sai ya zauna a gefenta na hagu. Ya ɗebo nama ya sa mata a kwano. Shi ba mai yabo ba ne, don haka murya ƙasa-ƙasa ya yi maganar, idonsa a kan shinkafa.

"Yining, kin yi ƙoƙari. Na ji daɗi."

Ta ci gaba da cin abincinta.

Ya ɗauka fushi ne. Ya sake faɗa. Ko gezau. Ya ajiye sandunan cin abincinsa, ya kira sunanta da ƙarfi. Ta firgita, ta juyo da jikinta gaba ɗaya, ta miƙo masa kunnen dama.

"Ka yi magana, Baba?"

Washegari suka hau mota zuwa babban asibitin birni. Likitar ta sa mata na'ura, ta gwada wannan kunne, ta gwada wancan, ta daɗe tana duban sakamakon.

"Yaushe ya fara?"

"Tun ƙarshen sanyi. Na tashi da safe na ji kamar an toshe shi da auduga, yana ƙara."

Likitar ta cire tabarau. "Irin wannan, a kwanakin farko ake kawo shi da gudu. Da yawa suna samun sauƙi in an zo da wuri. Yanzu za mu gwada, sai dai kada ku sa rai sosai." Ta dubi yarinyar. "Duk tsawon lokacin nan ba ki gaya wa kowa ba?"

Yining ta ce, "Na fara faɗa."

Malam Kuang ya karɓi takardar magani suka fito. Suka hau motar dawowa. Ya zauna a damanta.

An sha magani, an yi allurai, an koma wani asibitin a Changsha. Uwar ta bar aiki ta zo, aka yi rigimar da maƙwabta suka ji, ta koma. Kunnen bai dawo ba.

Yining ta zauna jarrabawarta, ta kuma ci da kyau, don kunne ɗaya da ido biyu sun ishe ta takarda. Amma da lokacin zaɓen jami'a ya zo, ba ta rubuta aikin tafinta ba. Ta ce a wuri mai hayaniya ba ta gane daga ina magana ke zuwa, ba za ta zauna bayan mutum tana ce masa ya maimaita ba. Ta zaɓi fassarar rubutu, a wata jami'a can arewa mai nisa, inda jirgin ƙasa ke wuni ya kwana kafin ya isa.

Wannan karon uban ya bar ta ta ƙarasa.

Nan mahaifiyata ta tsaya da labarin, ta karɓe wuƙar daga hannuna. "Kai, wannan yanka ne ko sassaƙa? Duk shekarun nan a waje ko albasa ba ka koya ba." Sai ta yi nuni da haɓa. "Ga shi can tafe. Kada ka nuna ka sani."

Da ƙyar na gane shi. Saurin tafiyar nan babu. Ya zauna, ya ajiye gorar shayinsa, ya dube ni.

"Meng Tao. Mai barci a layin baya."

"Ni ne, Malam."

"An ce ka je gina hanyoyi a ƙasashen waje. Turancin ya yi maka amfani?"

Na ce masa ranar farko da wani injiniya ya yi mini magana, na tsaya ina jiran a ba ni amsa uku in zaɓa. Ya yi dariya har ya sa hannu ya goge ido.

Na tambaye shi aiki. Ya ce an karɓe ajin ƙarshe an ba wani matashi, shi an mayar da shi ajin farko. Iyaye ne suka kai ƙara, wai ya cika jan lokaci, sai ya sa yara sun ji hira tun daga farko har ƙarshe, sannan ya tambaye su me mutumin yake nufi, me ya sa muryar macen ta canza. "Suna da gaskiya," in ji shi. "Makin ya ragu."

Ya tambaye ni yadda na ga gida. Na ce gida da daɗi, an samu ci gaba. Na yi shiru ina jiran ya karɓe zancen kamar da. Bai karɓa ba. Ya zuba mini ido kawai, taliyarsa tana hucewa. Shirun ya yi tsawo har na ji kaina ina faɗin abin da ban gaya wa kowa ba, cewa tun satin farko ƙafata ke ƙaiƙayi, kuma na riga na amsa wani aikin a wata ƙasar.

Ludayin mahaifiyata ya tsaya a cikin tukunya, sannan ya ci gaba.

Don in kauce, na ce, "Yining fa, Malam? Tana kira?"

"Duk Lahadi. Ta ce karatu lafiya, abinci lafiya, an yi dusar ƙanƙara." Ya juya taliyar da sanduna bai ci ba. "In ta gama sai in yi shiru, ko akwai saura. In yi ta jira. Sai in ji ta ce, Baba, layin ya yanke ne?"

Ya biya, ya ɗauki gorarsa, ya shiga makaranta.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, jakata na buɗe a kan gado. Mahaifiyata ba ta ce mini kada in tafi ba. Tun safe take daka barkono tana cusawa a kwalabe, tana mitar cewa abincin can ba shi da ɗanɗano, kuma na rame. Na bar ta tana yi, ban ce mata ba za a bari in shiga jirgi da su ba.

Darasi: Iya hasashen abin da mutum zai faɗa ba shi ne sauraro ba. Mai rauni, da yaro, da wanda ke jin nauyinka, ba sa fara magana da abin da ke damunsu, a ƙarshe suke ajiye shi, kuma in ka katse su sau biyu ba lallai su sake gwadawa ba. Ka bar ɗanka, da matarka, da ɗalibinka su kai ƙarshen maganarsu tun abin yana gyaruwa. Ku tura wannan ga iyaye da malaman da kuka sani, musamman waɗanda suka fi kowa tabbacin sun san 'ya'yansu.