Layi Uku a Bayan Agogo

Akwai wani mutum a nan garinmu Moonta, sunansa Desmond Trevorrow, amma kowa Des yake ce masa. Shekara goma sha tara ina share masa gida duk Talata da Asabar. Don haka abin da zan gaya muku ba a bakin wani na ji ba, a gabana aka yi.

Des ba mata, ba ɗa. Agogon aljihu ne iyalinsa, irin na da ɗin nan masu murfi da sarƙa. Sun haura ɗari biyu, a jere cikin kabad ɗin gilashi. Kowace safiya sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya wana. In ka shiga falonsa, sai ka ji kamar fara ta sauka a gona.

Duk garin an san mafarin wannan ciwo. Mahaifinsu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da agogon azurfa guda, bayansa sumul, ba zane ba rubutu. Da zai rasu, sai ya danƙa shi a hannun ƙaramin ɗansa, Len.

Ranar jana'iza Des ya tare ƙanensa a bakin maƙabarta.

"Ni ne babba. Ba ni."

"Yaya, ni ya ba wa."

"To ka dafa ka ci."

Len ya kwashe iyalinsa ya koma Port Pirie. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota, amma shekara talatin da ɗaya ko gaisuwar Kirsimeti ba ta haɗa su ba. Tun daga ranar Des ya fara sayen agogo. Ya sayi ɗari biyu, guda ɗayan da yake so ba ya ciki.

Yawancinsu daga gwanjon kayan mamata suke zuwa, ta gidan waya, ƙunshi uku ko huɗu a mako. Ya yage takardar ya cusa a murhu, ya jefa agogon a gwangwanin biskit, sai Asabar. Ranar Asabar kuma ya shiga rumfarsa ta bayan gida ya kunna injin gogewa. Duk agogon da aka zana wa suna ko saƙo a baya, sai ya kara shi a injin har ya koma kamar madubi. Ko tabarau ba ya sawa ya karanta.

Na sha yi masa magana. Na ce, "Des, mutane ne fa. Wata ce ta tara kuɗin cefane aka rubuta wa mijinta."

"Thelma, matattu ba sa duba lokaci. Kuma ni ba na ajiye sunan wani ƙato a aljihuna."

Wata Asabar da hantsi na kai masa shayi rumfar. Akwai agogo biyar a kan teburi. Ɗaya na azurfa ne, tsoho, gefensa duk ya dushe, amma rubutun bayansa sai walƙiya yake. Na ɗauka na juya shi. Ni makarantata ba ta yi nisa ba. Rubutun jarida ina lallaɓa shi a hankali, amma wannan mai lanƙwashe-lanƙwashe da masu zane suke yi, ba na gane kansa. Sai dai ina da ido.

Na ce, "Tsaya. Wannan rubutun sabo ne. Dubi, ko datti bai shiga ramin ba. Wa zai yi wa tsohon agogo sabon rubutu kuma ya kai shi gwanjo?"

Ya fizge shi daga hannuna.

"Yau kuma ke ce malamar agogo? Shekara talatin ina wannan harka. Je ki duba tsintsiyarki, tana kewarki."

"Sa tabarau dai ka karanta. Layi uku ne kawai."

Ya kalle ni, ya yi murmushi, ya kara shi a injin. Don dai na faɗa ne. Kafin shayinsa ya huce, bayan agogon ya zama fes.

Bayan kwana goma, ranar Talata, ina goge tagogi, wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta rame, idanunta jawur. Sai da ta yi magana na gane Noelene ce, matar Len.

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Yaya Des, ko da zagi ne ai ka amsa masa."

"In amsa me?"

"Agogon Baba. Ya aiko maka. Ciwon daji ya cinye masa maƙogwaro, tun watan jiya ba ya magana. Hannunsa ma rawa yake, ba ya iya riƙe biro sosai. Shi kaɗai ya lallaɓa wurin mai zane, shi kaɗai ya kai gidan waya. Kwana goma yana zaune gaban wayar tarho. Shekaranjiya aka kwantar da shi asibiti."

Des ya ce, "Ba a kawo min agogon Baba ba. Ai da na gane shi. Bayansa sumul ne."

Yana faɗin haka ya juya ya dubi kabad ɗin.

Ya buɗe kabad, ya ɗauko na azurfar nan, ya sa farce ya ɓalle murfin ciki. A can ciki akwai ɗan kifi da aka karta da bakin ƙusa. Mahaifinsu ne ya yi shi, wata rana suna yara, suna kamun kifi a bakin teku.

Ya zauna a ƙasa, kusa da bokitina.

"Noelene, me ya rubuta?"

"Ban sani ba. Ya ƙi nuna min. Ya yi min alama cewa tsakaninku ne."

Ya juyo gare ni. "Thelma. Ke kin gani. Don Allah."

Na ce, "Layi uku na gani."

A ranar suka tafi Port Pirie, ni ma na shiga motar, don ban yarda ya yi tuƙi ba wanda zai tsawata masa. Muka fara zuwa wurin mai zanen. Wani dattijo ne a ɗan shago. Des ya tambaye shi abin da Len ya sa ya rubuta. Ya ce, "Maigida, zane talatin nake yi a mako. Kofunan 'yan ƙwallo, lambar wuyan kare. Ya kawo a 'yar takarda, na zana, na jefar da ita. Na tuna shi dai, wani mara magana. Ya tsaya a kaina har na gama."

A asibiti Len yana kwance kamar kara. Da ya ga yayansa, fuskarsa ta buɗe. Ya miƙo hannu. Des ya ɗauka gaisuwa ce, amma Len aljihun Des yake nunawa, inda sarƙa ta leƙo.

Noelene ta girgiza wa Des kai. Bai da yadda zai yi. Ya ciro ya sa masa a tafin hannu.

Len ya juya agogon. Ya ɗora babban yatsansa a baya, ya shafa. Ya sake shafawa. Ya kusanto da shi idonsa. Babu komai sai fuskarsa a ciki.

"Len, ba haka ba ne. Wallahi ban karanta ba. Ban san naka ba ne. Ƙanena, faɗa min. Ga biro, rubuta ko kalma ɗaya."

Len ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye agogon a kan bargo a hankali, ya juya fuskarsa ga bango.

Bai sake juyowa ba. Washegari da safe ya cika.

Yau shekara huɗu ke nan. Des bai ƙara wana agogo ko ɗaya ba. Cikin kwana biyu duka ɗari biyun suka tsaya, falon ya yi tsit har yau. Injin yana rumfa, ya yi tsatsa. Kullum yana zaune bakin taga da tabarau biyu a hanci, yana karkata bayan agogon ga hasken rana, ko wani harafi ya tsira. Babu. Des ƙwararre ne a aikinsa.

Ko yafiya ce, ko zagi, ko kira, babu mai rai da ya sani.

Duk Talata in na shigo da bokitina, sai ya ɗago.

"Thelma, layi nawa kika ce?"

"Uku, Des."

"Dogaye ne?"

"Na tsakiyan ya fi tsawo."

Sai ya gyaɗa kai, ya koma ga taga.

Darasi: Kafin ka share abin da wani ya rubuta, karanta. Kafin ka raina mai ce maka tsaya, tsaya. Girman kai bai ci wa Des agogo ba, agogon yana hannunsa. Maganar ƙarshe ta ɗan'uwansa ya ci masa, kuma ba a sayar da ita a gwanjo. In kana da wanda kuka daina magana, kada ka jira ya aiko da saƙo, ɗauki waya yau. Ku tura wannan ga 'yan'uwanku, ku fara da wanda kuka fi jin nauyin tura wa.