Hawainiya a Bangon Asibiti

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso, muna sauraro.

Ran wata Laraba da hantsi, ma'aikatan asibitin dawa suka zauna shan fura. Kamar kullum, ba su kira Hawainiya ba, wadda aikinta cafke ƙudaje daga gyambon majinyata.

Ta matso ta ce, "Yaya Dila, sannunku da hutawa."

Dila ya ce da Zomo, "Miƙo ludayi."

Hawainiya ta ce a ranta, "Ikon Allah! Bari in ɓuya, in ga yaushe za su neme ni." Ta hau bango, ta rikiɗe ta koma launinsa, ta zuba ido.

Ƙudaje suka yanyame gyambon ƙafar Jaki. Zomo ya ce, "Wai daga ina ƙudajen nan?"

Dila ya ce, "Damina ce."

Jaki ya yi nishi ya ce, "Likita, ina baiwar Allan nan mai dogon harshe?"

Hawainiya har ta ɗaga ƙafa za ta sauko, sai ta ji Dila ya ce, "Wace ce kuma?"

Ta mayar da ƙafarta. Gyambo ya ruɓe, Jaki ya koma gida da ƙafa uku.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙuda!