Ranar da Aka Tafi Korar Hansai

An yi wata likita a Katsina, ana ce da ita Dakta Ramlatu Isyaku, wadda aka ɗora wa kula da ɓangaren Najeriya na wani bincike da ake yi a ƙasashe huɗu, a kan tasowar yara da lafiyar tunanin iyayensu mata. Ƙasashen duk irin tamu ne, inda asibiti ke da nisa, magani ya fi asibitin nisa. Shugaban aikin gaba ɗaya wani Farfesa ne da ke zaune Turai. Bai taɓa taka ƙauyen kowa ba, amma duk ranar Talata sai fuskarsa ta cika kwamfuta, yana tambayar me ya sa kaza bai zo daidai da kaza ba.

Ga yadda aikin yake. Mata shida ke shiga gidaje. In sun sami mai goyo, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a zaunar da uwa da ɗa, a ce su yi wasa na minti goma, ma'aikaciya na ƙirgawa: sau nawa uwar ta dubi idon yaron, sau nawa ta kira sunansa, sau nawa ta yi masa dariya. Ƙa'ida ta ce lallai a yi a fili, gaban wani babba na gidan, kada a ce an yi wani abu a ɓoye. Wadda makinta ya yi ƙasa, a rubuta ta cikin masu alamar ciwon damuwa, a tura sunanta asibiti.

Da aka tara fom na wata takwas, sai abu ya fito fili. A hannun mata biyar, masu haihuwar fari bakwai cikin goma sun faɗi. A hannun ta shida, wata mai suna Hansai, kusan duk lafiyarsu lau. Farfesa ya ce ba yadda za a yi biyar su kuskure ɗaya ta dace, wannan a gindin bishiya take cika fom. Ya ce a sallame ta kafin Talata, a zubar da fom ɗinta ɗari uku. Dakta ta kira Hansai a waya ta tambaye ta ko tana bin ƙa'ida. Hansai ta ce gaskiya ba duka ba, amma za ta yi bayani. Dakta ta kashe wayar.

Ranar Asabar da hantsi ta sa takardar sallama a jaka, ta ce wa direba ya kai ta ƙauyen da Hansai ke aiki. Direban nan, Baba Nomau, ya shekara talatin yana jan masu bincike. Ya ja masu ƙirga sauro, ya ja masu ɗibar jini, ya ja masu leƙa rijiyoyi, kuma ba wanda ya sauka daga motarsa bai ji ra'ayinsa ba. Suna fita gari ya tambayi abin da ya fito da ita ranar hutu, ta gaya masa a taƙaice. Sai ya ce, "Allah ya tsare ki da abin da ya sami Malam Jatau."

Dakta ta ce, "Baba, na san so kake in tambaya. To, wane ne Malam Jatau?"

Baba Nomau ya gyara madubi, ya rage gudu, ya fara.

Labarin Malam Jatau da Sikeli

Shekara ashirin da wani abu ke nan, ranki ya daɗe, na ja wani aiki a ƙasar Daura. Yara ake aunawa duk wata, tun daga haihuwa har shekara uku, a ga yadda suke girma. Shugabanmu Malam Jatau, mutumin kirki ne, sai dai duk abin da takarda ba ta faɗa ba shi bai faru ba. Masu awon yara takwas gare shi. Bakwai kullum fom ɗinsu cike yake dam. Na takwas, wani gajere mai suna Cindo, nasa duk ramuka. Nan ya rubuta ba ya nan, an kai shi yaye gidan kaka. Can ya rubuta an ba gwaggo riƙo. Masu aikin daga waje suka ce wannan malalaci ne, ba ya zuwa gidajen. Malam Jatau ya kore shi. Ni na kai shi tasha, da katifarsa a naɗe.

Bayan wata huɗu wata mata can ƙasar waje ta zauna ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya, maimakon ta dube su a dunƙule. Sai ga yaro ya tashi daga kilo tara zuwa sha huɗu a wata guda. Sai ga wani tsawonsa na raguwa kamar kyandir. Malam Jatau ya ce in kai shi da kansa. Muka sauka gidan wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, ya duba takarda ya ce a kawo masa Arzika. Aka kawo yaro, ƙato, yana tafiya da ƙafarsa. Malam Jatau ya durƙusa ya ce, yaro, yaya sunanka? Yaro ya ce Barau.

Nan fa Malam Jatau ya hau faɗa, yana cewa sun ɓata aikin shekara biyu da ƙarya. Tsohuwa ta bar shi har ya gaji, sannan ta ce ya zauna. Ta ce Arzika yana garin Mai'adua wajen yaye tun kafin azumi, wannan yayansa ne. Ta ce mota ta tsaya a ƙofar gida, unguwa duk ta leƙo, baƙo ya ciro sikeli ya ce a kawo yaro, sai su buɗe baki su ce babu? Yaro ake so a rataya, ga yaro. Ta ce cikin duk masu zuwa mutum ɗaya ne yake barin sikeli a waje, ya sha ruwa, ya tambayi ina mai sunan ya tafi, wani ɗan gajere, me ya sa ya daina zuwa?

Sai ta ce, "Ɗana, kun yi irin ta sarkin da ya tausaya wa 'ya'yan barewa." Ya ce bai san wannan ba. Ta ture ƙwaryar da take tankaɗe, ta ce to saurara.

Labarin Sarki da Barewa

An yi wani sarki mai tausayi da son sanin abubuwa. Wata rana ya so ya san cikin dabbobin ƙasarsa wace ce ta fi son ɗanta. Ya zaɓi fadawa biyar, ya ba kowa jakar tsakuwa, ya ce duk dabbar da ta lashi ɗanta a jefa mata tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Suka fita da manyan riguna da turare. Saniya ta sami arba'in. Akuya ta sami ashirin da wani abu, har da tsalle, don ita ko gaban wa ba ruwanta.

Da suka shiga dawa suka iske barewa ta kwantar da ɗanta cikin ciyawa. Suka shimfiɗa buzu kusa da shi suka zauna. Barewa ta yi nisa, ta juya masa baya, ta kama kiwo kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Tun safe har la'asar ko waiwaye ba ta yi ba. Suka dawo da ƙwarya ba ko tsakuwa ɗaya, suka ce ba su taɓa ganin uwa mara imani irin wannan ba.

Akwai wani maharbi a fadar, ya ce a yi masa izini. Ya ce shi yakan rufe jikinsa da ganye ya kwanta inda iska ba za ta kai mata warinsa ba, kuma ya sha ganin ta zo ta shayar da ɗan, ta lashe shi daga kunne har wutsiya. Ya ce nisan da ta yi don kada ido ya bi ta ya gano inda yake ne. Fadawa suka ce su biyar ne, a sarari suka zauna, kowa ya ga aikinsu, shi kuwa wa ya gan shi? Aka kore shi daga fada.

Sarki da yake mai tausayi ne, sai ya sa aka bi dawa aka kwaso 'ya'yan barewa aka ba awaki su shayar. Wata bai ƙare ba, ba wanda ya rage da rai. Iyayen kuwa aka daɗe ana ganin sawunsu a bayan ganuwa.

Gwaggo Tabawa ta jawo ƙwaryarta, ta ce, "Fadawan nan ba su yi ƙarya ba, ɗana, abin da suka gani suka faɗa. Sai dai zaman da suka yi a wurin suka auna, suka rubuta shi da sunan barewa."

To, ranki ya daɗe, muka dawo gida. Malam Jatau ya aika a nemo Cindo, aka ce ya tafi Fatakwal sayar da albasa, kuma ya ce ko sunan aikin kada a ƙara ambata masa. Fom na mutum bakwai aka ɗaure aka jefa sito. Abin da aka iya amfani da shi a ƙarshe, na Cindo ne kawai, mai ramukan nan. Ni dai tun daga ranar, in na ga mutum ɗaya ya bambanta da jama'a, ba na saurin ɗaukar masa katifa.

Nan Baba Nomau ya tsaya. Dakta ta ce labari ya yi daɗi, amma Cindo gaskiya ya rubuta, Hansai kuwa da bakinta ta ce ta karya ƙa'ida. Ta ce ƙa'idar nan ƙasashe huɗu ke binta, in kowa ya yi yadda ya ga dama, me za a kwatanta da me?

Baba Nomau ya ce ta karya kam, a ja mata kunne, ta cancanta. Amma shi ne ke kai su shidan nan, kuma daga zaure yana hango tsakar gida. Ya ce abin da yake gani wajen biyar ɗin, uwar miji ta kifa turmi ta zauna, matan gida sun jeru, yaran maƙwabta sun hau katanga, sai a ce wa yarinya mai ɗan fari ta dubi idonsa ta kira sunansa. Sunan ma sau da yawa na uban mijinta ne aka mayar. Ita kuwa ta kau da kai, ta riƙe yaron kamar na aro, ma'aikaciya ta rubuta sifili. Hansai kuwa takan fara da tsohuwar, ta gaishe ta, ta roƙi arziki, sannan ta ja yarinyar ɗaki ta saki labule, ta yi ta zancen tsadar manja har a manta da ita.

Dakta ta yi tsaki. Ta ce kunyar ɗan fari ai ta san da ita, amma wannan abin da ne, yaran yanzu da ke ɗora hoton jariri a waya tun ranar suna, wace kunya ta rage musu?

Baba Nomau ya kauce wa wani rami, ya ce, "Dakta, in tambaye ki mana. Ke ce ta fari a ɗakinku?"

Ta ce ita ce.

"Hajiya, mahaifiyarki, da wane suna take kiranki?"

Motar ta wuce gonar dawa guda, ta wuce ta biyu. Can Dakta ta ce, a hankali, shekararta arba'in da huɗu ba ta taɓa jin Ramlatu daga bakin Hajiya ba. Ke take cewa, in kuwa da mutane, sai ta ce waccan. Ta ce ranar da ta gama karatun likita gida ya cika, Hajiya ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, sai daga baya ƙanwarta ta gaya mata cewa Hajiya ta sayar da awarwaronta tun shekarar farko don littattafai, ta kuma hana a faɗa.

Baba Nomau ya ce, "To a fom ɗin nan naku, maki nawa za ta ci?"

Dakta ta ce, "Sifili. Da na tura sunanta asibiti."

Suka hango rumfunan ƙauyen. Sannan Dakta ta ce ta ji, kuma ta karɓa. Ta ce yau za ta sa a gwada uwa ɗaya sau biyu, a tsakar gida da cikin ɗaki, ta gani da idonta. Sunayen da aka tura asibiti za a dakatar a sake dubawa, don cikinsu akwai masu ciwon na gaske, kuma taron masu kunya ya rufe su. Ranar Talata kuma za ta gaya wa Farfesa cewa fom ɗin mata biyar ɗin ne ke buƙatar sakewa, ya kuma tambayi sauran ƙasashen uku wa ke zama a kan turmi a nasu gidajen. Baba Nomau ya ce mutumin zai yi faɗa har wuyansa ya yi ja. Ta ce ya yi, ai ta kwamfuta ne.

Suka iske Hansai a ƙofar wani gida, ta riga ta ji labarin abin da ke tafe, har ta ɗaure fom ɗinta da kayan aikinta wuri guda don ta miƙa. Ta durƙusa ta gaida Dakta ba ta ɗago kai ba.

Dakta ta ce, "Kwance kayan nan. Abu biyu ke jiranki ranar Litinin: takardar jan kunne, don kin sauya ƙa'ida ba ki gaya wa kowa ba, sai kuma 'yan'uwanki biyar da za ki koya wa yadda kike yi."

Hansai ta ɗago, ta ce, "Ranki ya daɗe, ai na so in gaya miki, wayar ce ta katse."

Dakta ta ce, "Ba katsewa ta yi ba, ni na kashe. Tashi ki shige gaba, ki roƙar mini tsohuwar gidan ta bar ni in zauna a bayan labule."