Wanda Ya Sha Rabon Mamaci

Akwai wani mutum a wani gari da ke gindin duwatsu, sunansa Habila, sana'arsa acaba. Yana da aboki mai suna Dogara, a mahaɗa ɗaya suke tsayawa suna jiran fasinja, shekara tara ke nan. In tayar Habila ta sace, Dogara ne zai taya shi tura babur zuwa wurin mai faci. In matar Dogara ta aiko da abinci, cokali biyu take sawa. Kada ku ɗauka labarin 'yan iska nake ba ku. Dukansu biyu an yi musu baftisma, Dogara ma shi ne mai buga ganga a majami'arsu ran Lahadi.

Amma 'yan mahaɗar nan suna da wani hali. Ran kasuwa, da rana ta take, sai su zaga bayan rumfuna wurin mai burkutu, kowa ya kwankwaɗi ƙoƙo ɗaya ko biyu. Har sun raɗa wa abin suna mai daɗi, wai wankin ido. Wai in mutum ya sha, hanya takan fito masa fes, hannu ya daina rawa. Ni dai na kwana biyu a duniya, ban taɓa ganin idon da burkutu ya wanke ba, amma su haka suka ce.

Wata ran kasuwa suka sha, kowa ya hau babur ɗinsa. Dogara ya kai wata mata ƙauye da buhun masara. Yana dawowa shi kaɗai, ya zo kwanar gada, bai karya ba, ya daki ƙarfen gadar. Kafin mutane su iso ya cika. Habila ne ya ɗaga kan Dogara daga ƙasa, ya ji warin abin da suka sha tare. A nan bakin gadar ya ce a ransa, shi da burkutu har abada. Bai gaya wa kowa ba.

Lokacin zafi ne, garin kuma babu inda ake ajiye gawa, saboda haka aka sa jana'iza washegari a ƙauyen kakannin Dogara. Dattawa suka ce da tsakar rana za a rufe akwati. Mahaifiyar Dogara kuwa, wata tsohuwa mai suna Rifkatu, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune wurin ƙanenta a wani ƙauye can saman dutse inda mota ba ta hawa. Dogara ne kaɗai ya rage mata cikin 'ya'yan da ta haifa, rabonta da shi tun Kirsimeti. Da labari ya kai mata da yamma, abu ɗaya ta roƙa, kada a rufe akwatin sai ta ga fuskar ɗanta. 'Yan acaba suka aika mata cewa ta kwantar da hankali, Habila zai zo da safe ya ɗauko ta.

Da gari ya waye 'yan acaba suka taru a mahaɗa, kowa ya ɗaura ɗanyen ganye a gaban babur, alamar sun yi rashi. Suna kuma da al'adarsu ta rakiyar ɗan'uwa. Kafin a tashi, sai a kawo burkutu a babbar ƙwarya, a zuba wa kowa ƙoƙo ɗaya. A ƙarshe a cika ƙoƙo biyu, a ce wannan rabon mamaci ne, babban abokinsa ne zai shanye masa, don kada ya tafi da ƙishi.

Ƙoƙo ya zaga har ya iso kan Habila. Ya girgiza kai. Shugabansu ya dube shi ya ce, "Habila, lafiya? Yau ne za ka ƙi Dogara?"

Ya ce, "Zan ɗauko tsohuwa ne."

"Duk mun sani. Wa zai sha rabonsa in ba kai ba? Ko so kake a ce ya mutu ba shi da aboki?"

Mutum kusan arba'in suka zuba masa ido. Waɗansu suna kuka, kukan gaske, gama suna ƙaunar Dogara. Habila ya ji kunya ta rufe shi. Ya karɓa ya sha nasa, ya sha na mamaci guda biyu, cikinsa kuwa ko koko babu tun jiya. Sauran suka bi motar gawa, shi kuma ya kama hanyar dutse.

Ya tarar da Rifkatu zaune a kan kujera 'yar tsugunne a ƙofar gida, ta sa kayanta na zumuntar matan majami'a, ta ɗaure kai. Ya durƙusa ya yi mata gaisuwar rashi. Tsohuwar ta ɗan karkata kai ta ce, "Habila, ka sha wani abu ne?"

Ya ce, "A'a, Mama. Kuka ne ya sa idona ya yi ja."

Ba idonsa ta tambaya ba, amma ta bar maganar. Rana ta riga ta ɗaga, kuma babu wani babur a ƙauyen. Aka kama ta ta hau, ta riƙe rigarsa da hannu biyu ta ce, "Ɗana, kai ni in gan shi."

Hanyar nan Habila ya san ta, ya hau ta ya sauka ba adadi. Akwai wata gangara mai tsakuwa kafin rafi, inda kowane ɗan acaba yakan sassauta ya sa ƙafa a ƙasa. Ran nan sai ya ga kamar gangarar ta miƙe sumul. Da ya farga ya danne birkin gaba da ƙarfi, taya ta zame, babur ya kwanta da su. Shi gwiwa kawai ya kuje. Tsohuwa kuwa ta faɗa a kan dutse, ƙashin cinyarta ya karye.

Masu ɗiban ruwa a rafi suka taimaka aka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa zuwa bakin titi, daga nan aka sami mota zuwa asibiti. A can wurin jana'iza aka jira. Mawaƙa suka yi waƙa suka sake, fasto ya ja wa'azi, ana ta leƙen hanya. Tsakar rana ta wuce, ƙarfe biyu ta yi, sai ga labari ya zo. Dattawa suka dubi juna, suka dubi akwatin, suka ce ba a iya ƙara jira. Aka rufe, aka binne.

Kafin rana ta faɗi Rifkatu ta farfaɗo, ta ga Habila tsugune a gefen gado. Ta ce, "An rufe?"

"An rufe, Mama."

Ta dubi rufin ɗaki. Sa'an nan ta ce, "Tafiyar awa huɗu ce a ƙafa. Tun asuba na ɗauki sandata zan kama hanya, ƙanena ya ce in zauna, abokinsa na zuwa. Da na taho da ƙafata, da na gan shi."

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Habila ya kifa kansa a ƙarfen gadon yana kuka, ya faɗa mata gaskiyar abin da ya sha.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, duk wanda ya hau babur akwai mai zama a bayansa, ko da shi kaɗai ake gani a kai. Tsohuwar nan ita ce dukan waɗanda suka ajiye sandarsu don sun amince da kai: matarka da ta bar gidan ubanta, iyayenka, mai cikin da ta tare ka a bakin asibiti ta hau ba ta ko tambayi sunanka ba. Mai zama a baya ba shi da birki. Abin da ka zuba a cikinka, shi ma da shi yake tafiya, alhali ba a tambaye shi ba.

Na ga waɗansunku sun fara kallon ƙasa. Ku ɗago, ban kira sunan kowa ba. Na kuma san yanzu ba sai an je bayan rumfa ba, ga giya nan a 'yar leda a bakin kowace tasha, mutum ya tsotse ya jefar ya tada babur. Ku ce mata maganin sanyi, ku ce mata maganin gajiya, duk sunan da kuka sa mata ba ya hana ta aikinta.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne ƙoƙon mamaci. Mutanen nan suna ƙaunar ɗan'uwansu, ba ƙarya suke yi ba. Amma abin da ya kashe shi jiya, shi suka kawo yau don su girmama shi. Mu ma sau nawa muka yi haka? A binne saurayi da safe, da yamma abokansa su bugu da sunansa, su hau babura suna gudu a cikin gari wai juyayi suke yi. Mamaci ba ya jin ƙishi, 'yan'uwa. Yana hannun Ubangiji, ba abin da ƙoƙonka zai ƙara masa. Abin da Dogara ya bari a duniya, ban da matarsa, tsohuwa ce, rabonsa na gaske ke nan, kuma a hannun Habila aka sa ta.

Habila ya yi alkawari mai kyau a bakin gada, amma ya ɓoye shi a ransa, shi ya sa bai kwana biyu ba. Da ya je wurin fastonsa ko wani dattijo ya ce, ga abin da na ƙudurta, ku tsaya tare da ni, da ba shi kaɗai ba ne a gaban mutum arba'in. Ikilisiya amfaninta ke nan. In kana so ka bari, ka faɗa da bakinka a ji, yau, kafin ka fita ƙofar nan. Kunyar abokai ta minti biyar ce, za su yi maka ba'a su gaji.

Wani zai tambaya, shin Habila ya sami gafara? Ya samu. Yesu Almasihu ba ya korar mai tuba, tsohuwar ma ta yafe masa tun tana kwance a asibiti. Bai ƙara sha ba, shi ya riƙa kai mata hatsi yana gyara mata ɗaki har ƙarshen ranta. Amma kada kowa ya fita nan yana cewa, to, bari in sha, ai akwai gafara. Gafarar ta wanke Habila, ba ta buɗe kabarin ba. Rifkatu ta ƙara shekara shida a duniya tana ɗingishi, har ta koma ga Ubangiji ba ta ga fuskar ɗanta ba.