Ƙusar Da Dallas Ya Buga Wa Noelene

Akwai wani ɗan garinmu Warrabindi, sunansa Dallas Rickaby. Lokacin da na bar gida shekara tara da suka wuce, taya yake ɗauka a garejin babansa. Na dawo na tarar da shi da motar tseren hamada, da wani baki da ya fi injin ƙara.

Motar tasa mai giyar hannu ce, da kuloci. Sauran motocin garin kusan duk na bel ne, wato bel ɗin roba ne ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Idan ya yi zafi ya saki, sai a tsaya a canza. Wannan ne Dallas ya raina.

"Mota da igiyar wando!" haka yake cewa. "Ƙarfe ne ke jan ƙarfe, mutumina. Roba ta silifa ce."

Kowace shekara ana tseren kilomita ɗari biyu cikin jan yashi. A tsohuwar rumfar askin tumaki inda ake tashi, bango biyu ne. Na dama, a nan ake rubuta sunan duk wanda ya kai ƙarshe da ƙarfin motarsa. Na hagu kuwa, a nan ake kafe abin da ya kayar da mutum, da sunansa a ƙasa. Tsinkakkun bel ne reras. Sunan marigayi baban Dallas yana bangon dama, kuma Dallas ya rantse gaban kowa cewa bana nasa zai hau ƙarƙashinsa.

Ana jibi tsere ya tarar da Noelene Tapp, wata dattijuwa mai kiwon shanu, ta tsuguna gaban bokiti tana wanke sababbin bel da sabulu da ruwan ɗumi. Ta shanya su a kan shinge. Bayan sun bushe ta ɗaura kowanne ta zagaya fili da shi a hankali, don ya saba da motar kafin a matsa masa.

"Goggo, wanki ake yi?" in ji Dallas. "In kawo miki safata?"

"Kawo, ɗana. Amma warinta zai kashe min ƙudaje."

Aka yi dariya, ba da shi aka yi ba. Ya je ya ɗauko guduma, ya buga ƙusa a tsakiyar bangon hagu, ya rubuta NOELENE a ƙasanta da alli.

"Na kama miki wuri tun da wuri," ya ce.

Ranar tsere da safe, Fergus, surukinsa mai karanta masa hanya, ya ga ya jefar da igiyar ja daga mota.

"Kai, wannan fa?"

"Nauyi ce. Wanda ke shirin lalacewa shi ke ɗaukar igiya."

Aka saki motoci. Gaskiya motar Dallas na gudu. Yana canza giya yana ihu, yana wuce mutane kamar suna tsaye. A kilomita sittin ya hango Noelene a gefen hanya, ita da mijinta Merv, sun buɗe murfi suna cire bel ɗin da ya yi zafi.

Ƙa'idar wurin kowa ya san ta: ba ka wuce motar da ta tsaya sai ka rage gudu, ka ga an ɗaga maka babban yatsa alamar lafiya. Fergus ya ce, "Sassauta." Dallas ya taka wuta, ya watsa musu yashi har cikin baki.

"A gaida bango, Goggo!"

A kilomita ɗari da goma akwai busasshen kogi, yashinsa kamar gari. Motar bel tana shiga ta daidaita kanta ta lallaɓa. Mai giyar hannu kuwa sai ya zaɓi giya tun kafin ya shiga. Dallas ya faɗa da ta huɗu. Motar ta fara nitsewa. Ya koma ta biyu, ta ƙara zama.

"Mu sauka mu haƙa," in ji Fergus.

"In haƙa, masu roba su gan ni?"

Ya riƙa taka kuloci rabi-rabi yana ba ta wuta. Sau ɗaya, sau biyar, sau goma. Wani wari ya tashi kamar an ƙona kofato. Daga nan inji na kuka, taya ko motsi. Kulocin ya ƙone. Kuma kuloci ba abin da ake canzawa a tsakiyar kogi ba ne, sai an sauke rabin mota.

Motoci suka riƙa zuwa suna rage gudu. Kunya ta sa Dallas yana ɗaga musu yatsa, suna wucewa. Rana ta take, ƙudaje suka rufe masa fuska, ruwansu ya kusa ƙarewa.

Ta ƙarshe ita ce Noelene. Ya ɗaga mata yatsa. Ta tsaya duk da haka.

"Sauke hannun nan, ɗana, tun daga can nake jin warinka. Ina igiyarka?"

Dallas ya sauke hannun. Fergus ya ce, "Nauyi ce, Goggo."

Igiyarta gajeriya ce, ba za ta kai daga tudu zuwa inda ya nitse ba. Merv ya ɗauko tsofaffin bel biyu da suka cire a hanya, ya sarƙa su da juna, ya ƙara a bakin igiyar. Noelene ta sa ƙaramar giya, ta ja a hankali. Robar ta miƙe, ta yi ƙara, ba ta tsinke ba. Haka ta ja shi har tashar masu duba tsere, ta kwance, ta ci gaba. Ita ce ta ƙarshe da ta iso, saura minti shida a rufe lokaci. Sunanta ya hau bangon dama karo na goma sha huɗu.

Wanda aka ja, ba a rubuta shi a bangon dama.

Bayan kwana biyu aka taru a rumfa ana gasa nama. Dallas ya shigo da faifan kulocinsa, baƙi ƙirin, yana neman lungu a bangon hagu inda ido ba zai kai ba.

"Ba sai ka wahala ba," in ji Noelene. Ta goge sunanta da gefen hannu, ta miƙa masa allin. "Ga ƙusa nan, mai kyau ce. Gwani ne ya buga ta."

Har yau faifan yana nan a tsakiya: ƙarfe guda ɗaya cikin roba sittin, yana fuskantar sunan baban Dallas.

Darasi: Wanda ya san abinsa na iya lalacewa yakan yi shiri, shi ya sa yake kaiwa. Wanda ya ɗauka nasa ba ya karyewa shi ke jefar da igiya. Kada ka raina kayan aikin wani ko tafiyarsa a hankali, kuma kada girman kai ya sa ka ce lafiya lau alhali kana nitsewa. Ku tura wa wannan abokin naku da ya fi kowa sani, kun san shi.