Ƙwayoyin da Inna Hure ta Watsa a Murhu

Sauda ba za ta manta ranar da ta fara ganin Inna Hure, uwar mijinta Abdussalam, ba. Tsohuwar ta ɗaga mata mayafi, ta ƙare mata kallo, ta ce, "Wannan 'yar firit ɗin ce za ta cika mini gida?" Ungozoma ce da ta yanke cibiyar rabin ƙauyensu na bayan Tofa, don haka ba ta yarda wani ya fi ta sanin ciki ba.

Shekarar ta zo da tsanani. Ruwa ya ɗauke da wuri, ɗan waken da aka samu aka kai kasuwar Dawanau aka sayo dawa. Tuwo da miyar kuka, safe da yamma.

Wata rana jiri ya kai Sauda asibitin ƙauye. Malama Zulaihatu, ma'aikaciyar wurin, ta haɗa ta da ƙwayoyin folik asid.

"Amarya, fara sha tun yanzu, kullum ɗaya. Ƙwaƙwalwar ɗa da lakarsa a sati huɗun farko suke somawa. A shimfiɗe suke, sai su ninke su rufe, kamar yadda tela ke ɗinke bakin wando inda zariya za ta bi. Kafin ki tabbatar kin yi ɓatan wata, an gama. In jiki ya rasa wannan sinadarin da ake samu a irin su wake, ɗinkin yana iya barin ɓaraka."

Inna Hure ta tsinci ƙullin a ƙarƙashin matashin Sauda.

"Maganin ciki babu ciki? Ni za a yi wa wayo? Na hana haihuwa ne! Kuma 'yar mutunci ba ta ko ambaton cikin fari sai ya fito, mara kunya!"

Ta watsa su a murhu. Abdussalam ya sunkuyar da kai. Sauda ba ta koma karɓo wasu ba, don ba a musu da suruka.

Da ciki ya shiga, sai a wata na biyar aka bar ta ta je awo. Ranar haihuwa Inna Hure ce ta karɓi yaron. Da ta juya shi za ta wanke, sai ga wani jan ƙullutu a buɗe a gadon bayansa, ƙafafuwan ko motsi. A Kano likita ya ɗinke wurin, amma ya ce da wuya yaron ya taka.

"Iska ce," in ji Inna Hure. "Yawon almuru ne ya ja mata."

Sauda ta gyara goyonta, ta ɗago ido a karo na farko.

"Inna, tun kafin ruwa ake kai taki gona, ba bayan shuka ta yi kai ba. Na yi alkawari, kafin wani cikin zan sha maganin nan a gabanki, kuma duk amaryar da aka kawo garin nan sai na faɗa mata."

Darasi: daɗewa a kan sana'a ba shi ne sanin komai ba, kuma kunyar da za ta cuci ɗa ba kunya ba ce. Lafiya ta Allah ce, amma wani rigakafin lokacinsa yana wucewa tun ciki bai bayyana ba.