Kiran da Bai Kai Rawayya Ba

Akwai wani saurayi a Gusau, Mahadi, mai yi wa wata ƙungiyar manoma aikin kwamfuta. Shi ya haɗa musu manhajar da ke kiran mutane a waya ta faɗa musu sanarwa da murya, tunda yawancin manoman Wanke da Magami ba karanta saƙo suke yi ba.

Wata rana ya lura kiran ya rage gudu. Da ya bincika, sai ya tarar abokiyar aikinsa Sa'adiya ta taɓa masa aiki. Ta sa iyaka: kira kaɗan ne ke fita a lokaci guda, sai ɗaya ya ƙare wani ya shiga gurbinsa.

Ya ce, "Malama, wa ya aike ki?"

Ta ce, "Ba kowa. Kamfanin waya in ya ga ɗaruruwan kira sun ɓarke daga layi ɗaya, ɗauka yake 'yan damfara ne, sai ya toshe. Ka bar su su bi layi."

"Su bi layi har a ce aikina ba ya sauri, a ba ƙanenki kujerata ko?"

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe maka, Mahadi."

Amma shi ya sha ganin ƙanen nan nata yana shiga ofishin shugaba. Zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci. Ya cire iyakar, ya canza lambar sirri, bai gaya wa kowa ba.

Kafin a sake yin wata sanarwa, mahaifiyarsa Iya ta rasu. Da safe ne, cikin damina, kunun da ta dama bai ko huce ba.

Aka sa jana'iza bayan Azahar. Danginta na warwatse tsakanin Tsafe da Bungudu. Yayanta kuwa, Kawu Dogo, yana Rawayya. Shi ya rene ta, kuma ta sha cewa shi take so ya sallace ta.

Mahadi ya ɗauki sanarwar rasuwar da muryarsa a manhajar nan, ya zuba lambobin dangi kaf, ya danna. Fuskar kwamfutar ta nuna duk sun fita gaba ɗaya. Ya rufe ta, ya tafi neman likkafani.

Azahar ta yi. Maƙwabta suka taru a ƙofar gida. Duk mashin ɗin da ya yi ƙara a bakin lungu sai Mahadi ya ɗaga kai. Ba Kawu ba ne. Har ya fara raya wa ransa cewa dangi sun raina su ne don ba su da shi.

Liman ya dafa shi. "Ɗana, ba a ajiye gawa. Ga hadari ya haɗo."

Aka sallaci Iya da ɗan gajeren sahu, babu ko mutum ɗaya daga gidan da aka haife ta.

Sai bayan an dawo daga maƙabarta ya buɗe kwamfutar. Kamfanin ya toshe layin tun kiran na fita. Wayar kowa ba ta yi ƙara ba.

Washegari Kawu Dogo ya iso. A bakin wani direba ya ji rasuwar, a tasha. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama.

"Mi ƙanwata ta yi maka, da za ka rufe ta a ɓoye kamar marar kowa? Mi kake ɓoyo, Mahadi?"

"Wallahi Kawu na kira. Na'ura ce..." Ya miƙa masa waya ya gani.

Tsohon bai ko dube ta ba. "Ni ban san wanga abu ba. Na san ƙafa, na san ɗan aike."

Masu zaman makoki suka sunkuyar da kai. Mahadi ya ga yadda wasu ke satar kallonsa, ya gane ba su yarda da shi ba, kuma ba shi da abin da zai nuna musu su yarda.

Kawu ya juya ga Liman. "Malam, kai ni inda take."

Mahadi ya jawo takalmansa zai bi su.

Kawu ya ce, "Kai tsaya nan."

Darasi: Ba duk wanda ya rage maka gudu ne ke yi maka baƙin ciki ba. Abin da ka saki gaba ɗaya yana iya tsayawa gaba ɗaya, a ranar da ka fi buƙatarsa. Ka saurari bayani kafin ka ɗora wa mutum zargi, domin ranar da aka zarge ka, kai ma saurare za ka nema. Ku tura wa 'yan'uwa, ku kuma sa iyayenmu da suka rigaye mu cikin addu'a.